Yadda Ake Tsayar da Yoyon Tagar Rufin Jirgin Ruwa Mai Filafilai

Tagar da ke saman jirgin ruwa mai filafilai, wadda ake ɗagawa don iska da haske su shiga ɗakin kwana, wurare huɗu ruwa ke bi ya shiga ta cikinta: robar da ta zagaye bakin murfi, ramukan mariƙai, gam ɗin da ya riƙe gilashi a cikin firam, da mahaɗar firam da rufin jirgi. Kowanne da maganinsa. Abin da ke ɓata aiki shi ne mutum ya ga ɗiga ya ɗauko silikon ya labta a zagayen taga ta waje. Ruwan zai lafa na ɗan lokaci ya dawo, silikon ɗin kuma ya bar maiƙon da babu gam ɗin da zai ƙara kamawa a kansa, har da sabon silikon.

Fara da gano hanyar ruwan. Inda yake ɗigowa ba lallai nan ya shiga ba, don yakan bi ta bayan silin ya ɓullo wani wuri. Kwance firam ɗin ado na ciki, ka busar da wurin, ka barbaɗa hoda ko garin alli. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya tsaya waje da tiyo yana sakin ruwa a hankali. Daga ƙasa ake farawa: mahaɗar firam da rufi na kamar minti 5, sai bakin murfi, sai gefen gilashi, mariƙai su zo ƙarshe. In ka fara daga sama komai zai jiƙe lokaci guda, ba za ka gane mai laifi ba. Sawun ruwa zai fito fili a kan hodar.

Robar baki ita ce mai sauƙi. Sa siririyar takarda tsakanin murfi da firam, ka rufe ka kulle, ka ja. Inda takardar ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta saki. Wani lokaci ɗaure mariƙin kaɗan ya isa. In ta bushe ta tsattsage, sai canji, kuma ka nemi wadda aka yi wa irin tagarka, domin kowane kamfanin taga da irin tasa: ta Lewmar daban, ta Bomar daban, ta Goiot daban. Yanke ta da rarar kamar milimita 5, kada ka ja ta wajen sakawa, in ba haka ba za ta tsuke daga baya ta buɗe a mahaɗa. Giris na silikon ake shafa mata, ban da baselin, don yana kumbura roba ya lalata ta. Mariƙai kuwa ƙananan zobban roba ne a cikinsu. Ka kwance, ka canza, ka shafa giris ɗin, magana ta ƙare.

Gilashin shi ke buƙatar natsuwa. Ba gilashi ba ne na gaske, robar akirilik ce, kuma zafi yana buɗa ta kusan ninki uku na yadda yake buɗa alminiyam. Gilashi mai faɗin santimita 50, in zafinsa ya sauya da digiri 40, zai motsa kusan milimita 1.4, firam ɗin kuwa bai kai rabin milimita ba. Wannan ja-in-ja ne ke raba gam da gilashi shekara bayan shekara. Saboda haka gam ɗin yana son kauri, kuma ya zama mai talewa.

Yanke tsohon gam da reza, ka turo gilashin daga ciki, ka kankare firam har sai ƙarfe ya fito fes. Kada asiton ya taɓa akirilik, zai yi masa ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo. Ruwa da sabulu sun wadatar. In gilashin ya riga ya yi irin wannan tsagewa saboda rana, a yanko sabo mai kauri ɗaya da shi. Manna salatif a fuskar gilashi da bakin firam, ka goge gefen da zai shiga gam da samfefa mai laushi. Gam ɗin da ya dace a nan shi ne Dow 795, ko Sikaflex 295 UV tare da ruwan share fage da kamfanin ya tanada masa. Gam na folisalfaid yana cin akirilik, ka nisance shi. Sa 'yan guntayen roba don gilashi ya zauna da tazarar kamar milimita 3 a ƙasa da gefe, ka cika tazarar, ka lallashe da yatsa, ka ɓare salatif tun gam bai yi fata ba. Kada ka danne da nauyi har gam ya tsiyaye. Dow 795 yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya bushe har ciki, don haka a bar murfin ya huta.

In kuma ta ƙarƙashin firam ruwa ke shiga, sai an ɗaga tagar gaba ɗaya. Kwance notuna, ka riƙa cusa siririyar wuƙar fenti kana zagayawa. Kada ka banƙare ta kusurwa ɗaya, firam ɗin da ya lanƙwashe ba ya ƙara zama daidai.

Yanzu duba ramukan notuna da kyau. Rufin jirage da yawa faiba ce sama da ƙasa, da katakon balsa, wani itace marar nauyi, a tsakiya. Tsokana da waya: in katakon ya fito baƙi, jiƙe, yana marmashewa, ruɓa ta fara, kuma wannan ya fi yoyon haɗari. Faɗaɗa ramin, ka ƙwaƙule ruɓaɓɓen, ka bari ya bushe sarai, ka toshe ƙasa da salatif ka cika da gam ɗin efoksi mai kauri. In ya daskare ka sake huda ramin a tsakiyarsa, ka ɗan fafe bakinsa yadda gam zai taru ya zagaye wuyan noti.

Wajen mayarwa, tef ɗin butil, wata roba mai laushi da danƙo, ya fi kwanciyar hankali, don ba ya bushewa kuma ana iya ɗaga tagar nan gaba. Gam irin Sikaflex 291 ko 3M 4200 ma sun yi. 3M 5200 kam a'a, ranar da za a cire tagar da fatar rufin za ta taho. Shimfiɗa butil a ƙarƙashin firam ba yankewa, ka naɗa kaɗan a wuyan kowane noti. Inda notin da ba ya tsatsa ya haɗu da alminiyam, shafa Tef-Gel ko Duralac, don ruwan gishiri na sa su ci juna. A riƙe kan notin ta sama kada ya juya, a ɗaure ta ƙasa, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa kishiyarsa. Butil a hankali yake bajewa, sai ka ɗaure kaɗan yau, ka ƙara gobe da jibi, ka yanke rarar da ta fito. Daga nan a sake gwajin tiyo tun kafin a mayar da firam ɗin ado na ciki.