Kurakuran da baƙi ke yi in sun zo yawon ƙafa a Argungu, wajen ci da wajen tarihi

Argungu da ke jihar Kebbi ba ƙaton gari ba ne, tsakiyarsa da ƙafa ake gama shi, daga wajen fada ka gangara gidan tarihi na Kanta ka shiga kasuwa ka ɓulla bakin gulbi, duk a wuni ɗaya kuma ba tare da ka galabaita ba in ka san yadda ake yi. Amma wallahi mafi yawan baƙin da ke zuwa daga Kano ko Kaduna ko Abuja kuskure iri ɗaya suke ta maimaitawa, su zo su koma ba su ci abin kirki ba, tarihin Kabi kuma, wato tsohuwar daular da sarautarta ke zaune a Argungu, ba su ji komai ba ban da "an ce nan ne ake kama ƙaton kifi". Garin yana da lokutansa, abincinsa ma haka, kuma ba zai canza su don kai ka zo ba.

Babban kuskuren shi ne lokacin fita. Mutum ya kwana otal ya sha barcinsa, sai ƙarfe goma sha ɗaya ya yi wanka ya fesa turare ya fito wai zai zaga gari, alhali daga Maris zuwa Mayu zafin nan yakan wuce digiri 40, kwalta na turiri, mutanen gari duk sun shige rumfa da gindin bishiya, to mi za ka gani? Ga shi abincin safe ya riga ya ƙare. Masu koko da ƙosai da masu masa tun bayan asuba suke ɗora wuta, kafin hantsi ya dubi ludayi sun kwashe kaya sun shiga gida. In kana son masa ta gaskiya ka fito wajen bakwai ka nemi inda hayaƙi ke tashi a bakin lungu da yara tsaitsaye da kwanoni a hannu, ka tsaya ka kalli yadda take yi, ta ɗiga mai a kowane gurbin tanda ta zuba ƙullun shinkafar da ya kwana ya tashi, gefen ya fara yin ja ta sa cokali ta juya ta da sauri ba ta ko duba ba, tana yi tana ƙirga kuɗin wani tana yi wa yaro faɗa. Wadda aka kwashe yanzu-yanzu ita za ka ce a ba ka, da miyar taushe ko da yaji da ƙuli, ba wadda ta huce a cikin kwalla ba. Gyaran dai sauƙi gare shi: ka raba yawon biyu, safe zuwa wajen goma da rabi, sai ka nemi inuwa ka sha fura da nono ka yi azahar ka huta, bayan la'asar ka sake fita. Kifi soyayye da yamma yake fitowa, tsire da balangu da mai shayi sai bayan magariba. Ranar Juma'a kuma kar ka sa rai da komai tsakar rana, in kuwa azumi ne ka manta da abincin rana gaba ɗaya, sai dab da shan ruwa.

Na biyu, kuma wanga shi ya fi ba ni haushi, mutane sun ɗauka Argungu ita ce Matan Fada kawai, wato wurin da ake gasar kamun kifi a gulbi. Sai mutum ya zo a watan da ba na bikin kamun kifi ba ya tsaya bakin ruwa ya ce "au, shi ke nan?" To da mi kake tsammani, dubban masunta su faɗa ruwa don kai? Kamun kifin da kake gani a talabijin, wanda ake harba bindiga mutane su kwasa a guje da homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, da gora, kusan awa ɗaya ne kacal a rana ta ƙarshe ta bikin, kuma bikin ma ba kowace shekara aka riƙa yin shi ba, bayan na 2009 sai da aka kai 2020 kafin a sake yi, saboda haka kar ka hau mota a kan jita-jitar Facebook, ka tabbatar gwamnatin jiha ta sanar da rana. In kuma ka dace da bikin kar ka zo ranar ƙarshe kaɗai, kwanakin da ke gabanta akwai kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwale-kwale da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu da nutso, ga dambe da kokawa da baje kolin amfanin gona, a ganina ma kabancin ya fi nuna maka su wane ne Kabawa a cikin ruwa fiye da turmutsutsun ranar ƙarshe.

Abin da ya kamata ka riƙe in kana tsaye bakin Matan Fada shi ne dalilin bikin. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan an shafe kusan ƙarni guda ana gaba tsakanin Kabawa da daular Sakkwato, aka shirya masa gagarumin su, wato kamun kifi, don karramawa, daga nan abin ya zama biki, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Wurin kuma yana da mai shi, Sarkin Ruwa ke kula da shi, ba a su a nan sai lokacin biki shi ya sa kifin ke samun girma, a 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ya yi. To kar ka zo da ƙugiya ka jefa, kar kuma ka tuɓe ka faɗa don ka iya iyo a tafkin otal, mutanen gari za su gaya maka akwai kadoji, ka yarda da su kawai.

Sai gidan tarihi na Kanta, inda ake yin kuskuren gaggawa. Mutum ya shiga minti goma ya ɗauki hoto da mashi ya fito. Ginin nan shi ne tsohuwar fadar sarakunan Kabi a Argungu har zuwa 1942 da aka koma sabuwar fada, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958, a ciki akwai masu da takubba da kwari da baka da bindigogin gargajiya da layu da tambura da kayan su, kuma akwai kaburburan sarakuna, don haka ba wurin shewa da tsalle-tsallen TikTok ba ne, in an ce ka cire takalmi ka cire, in ka zo kusa da kabari ka yi musu addu'a. Kar ka ce za ka zaga kai kaɗai, ka bari ma'aikacin wurin ya zaga da kai ka yi ta tambaya, da ɗan gari kan ci gari, in kun gama ka ba shi na goro ba sai ya nema ba.

Kuma don Allah ka ɗan san zaren labarin kafin ka shiga, in ba haka ba duk abin da aka faɗa maka zai bi ta bayan kunne. Muhammadu Kanta shi ya kafa daular Kabi wajen 1515, ya yi yaƙi tare da Askiya Muhammadu na Songhai a ƙasar Asbin, suka saɓa a kan rabon ganima ya ɓalle ya tsaya da ƙafarsa, ya gina birnin Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, har 1805 da rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin. Kabawa ba su miƙa wuya duka ba, suka yi ta gwabzawa, a 1849 Yakubu Nabame wanda ya yi shekaru a tsare a Sakkwato ya tayar da ƙayar baya ya riƙe Argungu, daga nan garin bai sake faɗawa hannun Sakkwato ko Gwandu ba har zuwan Turawa, in ban da ɗan sulhun da ake kira Lafiyar Toga yaƙi ne kawai ake ta yi. In ka san wannan sai ka gane dalilin da ya sa ziyarar 1934 ta zama babban abu, sai kuma ka tsira daga katoɓarar da baƙi ke yi ta haɗa sarautu biyu, wanda ke zaune a Birnin Kebbi Sarkin Gwandu ne, wanda ke Argungu shi ne Sarkin Kabi, masarautu ne daban-daban cikin huɗun da jihar ke da su tare da Yawuri da Zuru. Ka tsaya ƙofar fada ka ce ka zo ganin gidan Sarkin Gwandu ka ga irin kallon da dogarai za su yi maka. Af, Surame kuma ba ta cikin yawon ƙafa, kufanta yanzu a jihar Sakkwato yake, tafiya ce ta daban da ke son mota da wanda ya san hanya da halin da ake ciki.

Mu dawo wajen ci. Akwai masu zuwa gari na kifi da shinkafa su zauna a otal suna cin taliya da kaza, waɗannan ba ni da abin ce musu sai Allah shi kyauta. Akwai kuma masu ɗoki, tsayawar farko su cika ciki da masa goma sha, daga nan duk abin da aka miƙo sai "na ƙoshi". Ka riƙa cin kaɗan-kaɗan, in ku biyu ne ko uku ku sayi ɗaya ku raba, ta haka za ka taɓa kwaɗon zogale da dambu da ɗanwake da fura ka kuma bar wa tuwon shinkafa wuri, don shi ne uban tafiyar. Fadamar gulbin Kabi shinkafa take fitarwa rani da damina, shi ya sa aka kafa babban injin casar shinkafa na kamfanin WACOT a garin a 2017, shinkafar Lake Rice ma da aka yi ta yayi a Legas a 2016 daga gonakin Kebbi ta fito, to tuwon da za a tuƙa maka a nan da shinkafar gida ne, ka nemi da miyar kuka ko ta kuɓewa wadda aka saka busasshen kifi a ciki.

Kifin kansa akwai inda ake yaudarar kai. Ba duk kifin da ka gani a faranti ba ne na gulbi, akwai na ƙanƙara da ake kawowa a kwali daga kudu kamar ko'ina a ƙasar nan, in ba ka tambaya ba shi za ka ci ka koma gida kana cika baki. Ka tambaya kai tsaye, "Inna, wanga na gulbi ne ko na ƙanƙara?" ba wadda za ta ji haushi. Kar kuma ka dage sai giwan ruwa, ba kullum ake samunsa ba kuma in an samu da tsada, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da ragon ruwa su ne na yau da gobe, farfesun tarwaɗa mai zafi da yamma ba abin rainawa ba ne. In ɗanye za ka zaɓa a soya maka ka duba idon ya zama garau ba fari-fari ba, ka ɗaga murfin kunnen ka ga cikin ja ne, ka danna jikin da yatsa in ya lotsa bai dawo ba ka bar shi. Wajen mai suya kuma ka duba man, in ya yi baƙi ƙirin yana kumfa wuce gaba, ka tsaya inda ake tsamewa ana sayarwa nan take, a barbaɗa maka yaji a naɗe a takarda, ka ci da zafinsa kana lura da ƙaya musamman karfasa.

Banda, wato kifin da aka ƙyafe, kowa na son ya kai tsaraba, kuskuren shi ne a saye shi da safe a yi ta yawo da shi a leda cikin rana yana gumi. Ka bar shi ya zama sayayyar ƙarshe. Ka ɗauki ɗaya ka ɗan bubbuga a tafin hannu, in gari ya zubo ko ka ga ƙananan ramuka ƙwari sun shiga, ka shinshina, ƙamshin hayaƙi ya kamata ka ji, in ka ji wani wari kamar na maganin ƙwari ka ajiye ko nawa aka rage maka. A naɗe maka a takarda ko kwali, ba leda ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna ɓata tafiya. Ka riƙe tsabar kuɗi da canji, mai ƙosai ba ta da lokacin jiran alat kuma netwok na iya ɗaukewa, masu POS suna nan a bakin kasuwa. Ka yi sallama ka gaisa kafin ka tambayi farashi ko hanya, "Baba ina wuni, ya kasuwa" ba ya cin minti ɗaya amma shi ke sa a ce maka ga inda ake tuwo mai kyau can bayan masallaci. Kar ka ɗaga waya ka ɗauki matan mutane hoto ba izini, a ƙofar fada ma ka tambayi dogari tukuna. Takalmi mai sauƙi, hula ko mayafi, ruwan leda a hannu, in cikinka ba ya son nonon da ba ka saba da shi ba ka ce a dama maka fura da ruwan da ka sayo da kanka. Bakin gulbi in rana ta faɗi sauro ne ke mulki, ka shafa magani ko ka hauro cikin gari wajen masu tsire. In kuma a Birnin Kebbi ka sauka, tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, ka je tasha tun da sauran haske don motoci na raguwa bayan magariba, in ka ga dare zai yi maka gara ka kwana Argungu ka kama hanya da safe.