Darasi na 7: Me Ya Hana Kwalekwale Nutsewa?

A bakin Kogin Binuwai, nan Garwa, kowa ya ga kwalekwale ɗauke da buhunan masara, har da babur, yana tafiya a kan ruwa. Amma allura in ta faɗa, sai ƙasa. Ashe ba nauyi kaɗai ke nutsar da abu ba.

A samo daro busasshe, bokiti, ƙwarya da 'yan duwatsu. A ajiye bokitin a tsakiyar daron. A cika shi da ruwa fal, har baki. Har baki na ce, iyayena. In ya rage ko da faɗin yatsa ne, a ƙara. Kada ku ji kunyar sake dubawa.

Yanzu a ɗora ƙwarya a hankali, ban da dannawa. A sa dutse ɗaya a ciki. Ƙwarya za ta ɗan shige, ruwa ya tsiyaya cikin daro. A ƙara wani, ya sake tsiyaya. Ruwan nan da ya zube, ku juye shi a leda ku kai wa mahauci ya ɗora a sikeli. Nauyinsa ɗaya da na ƙwarya da duwatsunta. Gwargwadon ruwan da abu ya ture, gwargwadon ƙarfin da ruwa zai tallafe shi. Wani masanin Girka, Arkimidis, shi ya gano haka fiye da shekara 2,200 da suka wuce.

Bara rabin aji suka dawo mini da "Malama, namu bai zube ba." Yaya zai zube, bokiti rabi? Hawa ya yi kawai a ciki. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? A cika shi fal tukuna, sannan ƙwarya.

Cikin kwalekwale yana da faɗi, don haka yake ture ruwa mai yawa. Kaya in sun fi ƙarfin abin da zai iya turewa, ruwa ya shiga ta baki, shi ke nan. Kika ga ruwa ya kusa bakinsa, Inna, ki jira na baya, balle a watan Agusta da kogi ke cike.

Darasi na 8: Jarka

Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Jarka mai lita 20, babu komai a ciki, murfi a ɗaure gam, tana tallafar kusan kilo 20 a kan ruwa. A duba murfin.

Darasi na 9: Ƙwai

Sabon ƙwai, in an sa shi a kwanon ruwa, yana kwanciya a ƙasa. Tsoho yana tasowa, iska ta yi yawa a cikinsa. Ku gwada a gida.