Inshorar jinyar tsufa a Amurka da rangwamen harajin da ke cikinta

'Yan uwa sababbin zuwa, akwai maganar da ba a cika yi muku ba sai kun daɗe, ita ce wa zai riƙe ka a ƙasar nan idan ƙarfi ya ƙare. A gida tsoho ba ya rasa jika ko suruka mai ɗora masa ruwan wanka, nan kuwa kowa na wajen aiki tun asuba, kuma gidan kula da tsofaffi a jihohi da yawa kuɗinsa ya haura dala dubu 100 a shekara. Matanmu masu aikin kula da tsofaffi a gidaje a Bronx, cikin birnin New York, sun san zancen, su ne ke ɗaga tsohuwa daga gado su zaunar da ita a kujerar wanka su goge mata baya su sa mata riga, kuma duk awa ɗaya wani ne ke biya.

Kada ka ce ai Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, na nan. Medicare ba ya biyan irin wannan kulawar ta yau da gobe, iyakarsa kwana 100 a gidan jinya bayan an kwantar da kai asibiti, shi ma da sharuɗɗa. Medicaid, shirin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, shi ne ke biya, amma sai abin hannunka ya kusa ƙarewa, kuma a yawancin jihohi sai sun binciki shekara 5 baya su ga ina kuɗinka suka tafi, kuɗin da ka tura gida kyauta ma suna iya shiga lissafi su ja maka jinkiri. Shi ya sa ake sayen inshorar kulawa ta dogon lokaci, kana biya tun kana da lafiya, ran da ka kasa yin biyu daga cikin abubuwa shida da kanka, wanka, sa kaya, cin abinci, zagayawa, tashi daga gado, riƙe fitsari da bayan gida, ko kuma mantuwar tsufa ta kama ka, sai kamfanin ya fara biya.

To maganar haraji. Gwamnatin tarayya ba ta ba da kiredit, wato ragi kai tsaye daga harajin da ake bin ka, a kan wannan, abin da take yi shi ne ta bari ka cire kuɗin inshorar daga kuɗin shigarka kafin a lissafa haraji, kuma ga mai albashi sai ya jera kuɗaɗen da ya kashe ɗaya bayan ɗaya sannan kuɗin lafiyarsa sun wuce kashi 7.5 na abin da ya samu, gaskiya yawancinmu ba ma kaiwa nan. Amma mai aikin kansa, direban tasi ko Uber ko mai shago, wannan shi ke da rabo, don yana iya cirewa ba tare da wancan sharaɗin ba in dai ya ci riba a shekarar. Akwai iyaka gwargwadon shekaru, a 2025 dala 480 ne ga ɗan 40 zuwa ƙasa, 1,800 ga ɗan 51 zuwa 60, 4,810 ga ɗan 61 zuwa 70.

Kiredit na gaske a jihohi yake, shi kuwa daga harajin da ake bin ka ake zaftare shi kai tsaye. New York ta fi kowa kyauta, kashi 20 na abin da ka biya, iyaka dala 1,500, in kuɗin shigarka bai kai dubu 250 ba, fom ɗin IT-249 ne. Wato ka biya dala 3,000 a shekara, 600 ta ragu daga harajin jiha. Ba za su ba ka tsaba ba in ba a bin ka komai, amma ragowar tana jiran ka shekara mai zuwa. Minnesota nata dala 100 ne kacal ga mutum ɗaya, Maryland kuma har 500 amma sau ɗaya tak. Wasu jihohin babu ko sisi.

Abin da ke min ciwo shi ne mutum yana biyan inshorar kuma bai karɓi rangwamen ba, don mai cika masa takardun haraji bai tambaya ba shi ma bai faɗa ba. Dan Allah kafin 15 ga Afrilu ka ɗauki takardar da kamfanin ya aiko ta abin da ka biya a shekara, ka ajiye ta gaban mai cikawar ka ce ga wannan ma. Ka tabbatar inshorar irin wadda hukumar haraji ta amince da ita ce, ana rubutawa a shafin farko.

Amma fa ni ban yarda mutum ya saya saboda rangwame kawai ba, ko a New York kashi 80 daga aljihunka yake fita kuma kuɗin na iya tashi bayan shekaru. In niyyarka ka koma Kano ko Maraɗi ka tsufa a can, ka tambayi dillalin inshorar ƙarara ko za su biya a wajen Amurka, da yawa ba sa biya ko su biya kaɗan, ka kuma tambaya ko za su biya 'yarka ko matarka in su ne masu jinyar, ya nuna maka a rubuce kafin ka sa hannu.