Yadda Ake Tantance Bitamin da Maganin Ƙarin Jini da Manhajar Waya Kafin a Saya

A watan da ya gabata gwaggona ta aiko a kira ni, na tarar da ita zaune a kan tabarma riƙe da wata farar kwalbar roba da ta saya wurin mai talla a tasha, wanda ya gaya mata cewa ƙwayoyin suna ƙara jini, suna kuma maganin kasala da ciwon gaɓoɓi. Ta miƙo mini ta ce, "Ɗana, duba mini wannan ko na kirki ne." Rubutun jikin kwalbar ya fara koɗewa saboda rana, ƙwayoyin sun manne da juna har sai an girgiza su, amma akwai lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a ƙasa, kuma wannan lambar ce ta kwantar mata da hankali. Da na shigar da lambar a waya, sai sunan wani kaya daban ya fito, na wani kamfani daban. Binciken bai ɗauke ni minti biyu ba, kuma duk mai wayar zamani a Sakkwato zai iya yin irinsa, in ya san abin da zai duba da kuma iyakar abin da manhaja za ta iya gaya masa.

Aikin yana farawa ne tun kafin a taɓa waya, da tambayar ko jiki yana buƙatar abin da ake shirin saya. Kasala da jiri da yawan barci suna iya zuwa daga ƙarancin jini, suna kuma iya zuwa daga zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon suga, ko zafin bazara da ƙarancin shan ruwa, kuma babu manhajar da za ta bambance maka waɗannan ta hanyar tambayoyin da take yi a allo. Gwajin jini ne ke nuna ƙarancinsa, ana kuma yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da ƙananan asibitocin da ke da ɗakin gwaji. Akwai waɗanda buƙatarsu sananniya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai juna biyu ta riƙa shan sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 a kullum, wannan ne ake ba mata wurin awon ciki. Yaron da ke gudawa ana ba shi zink miligiram 20 na tsawon kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari, jaririn da bai kai wata shida ba kuwa rabin wannan. Shi kuwa baligi mai lafiya da ke samun wake da zogale da hanta da kifi da nono a cimarsa, sau da yawa kuɗin da zai kashe a kan kwalbar bitamin sun fi amfani a cefane.

Idan an tabbatar da buƙata, sai a zaɓi manhajar da za a dogara da ita, kuma a nan mutane da yawa ke zamewa. Manhajojin lafiya iri biyu ne a wajena: waɗanda hukuma ta fitar domin tantancewa, da waɗanda masu sayar da kaya suka ƙirƙira domin tallata hajarsu. Ta farko da nake ba da shawara ita ce Greenbook, rumbun bayanan da NAFDAC ta buɗe na magungunan da ta yi wa rajista, wanda ake samu a matsayin manhaja da kuma shafi a intanet. A sauke ta daga Play Store ko ma'ajiyar wayar da ake amfani da ita, a duba sunan wanda ya fitar da ita, kada a karɓe ta daga mahaɗin da aka turo ta WhatsApp. Duk manhajar da ta yi maka tambayoyi uku sannan ta ce kana fama da ƙarancin sinadarai biyar, ta kuma nuna maka inda za ka danna ka saya daga gare ta, to ɗan kasuwa ne ke magana, sai ka saurare ta kamar yadda kake sauraron mai talla a Babbar Kasuwa. Haka nan wadda ta nemi izinin shiga lambobin mutanenka ko hotunanka ba gaira ba dalili, gara a goge ta.

Tantancewar kanta tana buƙatar natsuwa. Ka riƙe kwalbar a hannu, ka shigar da lambar rajistar daidai yadda aka buga ta, harafi da lamba, sannan ka kwatanta abin da ya fito da abin da ke jikin kwalin: sunan kayan, sunan kamfanin, sinadarin da ke ciki da ƙarfinsa, da siffarsa, wato ƙwaya ce ko kafso ko na ruwa. Fitowar lambar kaɗai ba ta isa ba, domin masu jabu kan kwafi lambar gaske su manna wa kayansu, kamar yadda aka yi wa gwaggona. Idan lambar ba ta fito ba sam, ka ajiye kayan, ka kai wa ƙwararren mai harhaɗa magunguna a kantin da ke da lasisi ya duba maka kafin ka biya. Ka lura kuma da lambar da ta ƙare da harafin L, wadda ake ba magungunan gargajiya da aka sarrafa. Ma'anarta ita ce an duba kayan ta fuskar rashin cutarwa, amma ba a tabbatar da cewa suna warkar da abin da ake faɗa ba, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba. Mai talla ba ya karanta maka wannan layin, sai dai ka nemo shi da kanka.

Kayan da aka shigo da su daga waje su ma suna buƙatar lambar NAFDAC. Rubutun da ke cewa an yi a Amurka ba shaida ba ne, domin a ƙarƙashin dokar da ƙasar ta kafa a 1994, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ba ta amincewa da irin waɗannan kayan ɗaya bayan ɗaya kafin su shiga kasuwa. Tambarin USP ko NSF a jikin kwalba yana nuna cewa wata cibiya mai zaman kanta ta gwada abin da ke ciki, kuma ana iya duba sunan kayan a shafin cibiyar.

Bayan rajista sai karatun kwali, wanda a ganina shi ne inda manhaja ta fi taimakon mai iyali, musamman irin wadda ake shigar da sunayen magunguna tana lissafa jimillar abin da ake sha. Ƙwayar feros salfet mai miligiram 200 tana ɗauke da kimanin miligiram 65 na ainihin sinadarin ƙarfe, saboda haka wanda ya haɗa ta da maganin ƙarin jini na ruwa da kuma bitamin mai haɗe-haɗe yana shan ƙarfe daga wuri uku bai sani ba. Bitamin A yana taruwa a hanta, iyakar da aka sa wa baligi ita ce IU 10,000 a rana (IU ma'aunin bitamin ne da ake rubutawa a kwali), kuma yawansa na iya nakasa ɗan tayi, don haka mai ciki kada ta ƙara wani a kan abin da aka ba ta a asibiti. Mai sikila ana rubuta masa folik asid, amma kada a ba shi maganin ƙarfe sai likita ya gwada ya ce a ba shi, domin wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ƙarfe na iya yi masa yawa a jiki. Ƙarfe da kalsiyam suna rage shigar wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta jiki, irin su siprofuloksasin da tetrasaikilin, shayi kuma yana rage tsotsar ƙarfe, lemon zaƙi yana ƙara ta. Idan manhajar ta nuna gargaɗi, ka ɗauki hoton allon ka nuna wa likita, kada ka dakatar da maganin hawan jini ko na suga da kanka. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: ɓawon kafso da yawa da jelatin ake yin sa, wanda kan fito daga saniya ko alade, sai a duba ko an rubuta tushensa, ko an ce na tsirrai ne, ko akwai shaidar halal.

Magungunan ƙiba da na ƙarfin maza su ne suka fi ba ni tsoro, domin a nan ne ɓoye sinadari ya fi yawa. Ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe sukan ƙunshi deksametason, wanda ke kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi idan an daɗe ana sha. A cikin wasu kayan ƙarfin maza da ake cewa zallar itace ne, hukumomin ƙasashe da dama sun sha gano sinadarin sildenafil, wanda zai iya faɗar da jinin mai shan wasu magungunan zuciya farat ɗaya. Abin da ba a rubuta a kwali ba manhaja ba za ta gan shi ba, saboda haka duk kayan da aka ce suna maganin cuta goma, ko suna aiki cikin rabin awa, a bar su ko da an yi musu kwalliya da lamba.

Zafin Sakkwato ma yana da nasa hukuncin. Yawancin waɗannan kaya an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafinmu kan haura 40, don haka kwalbar da ta yini a faranti ko a baro cikin rana tana iya lalacewa ko da ta gaske ce. A saya a kantin da ke da inuwa da sanyi, a duba ranar ƙarewar aiki da lambar rukuni, wato batch number, da hatimin murfi, a gida kuma a ajiye nesa da madafa, a kuma ɗaga sama inda yara ba za su kai ba, domin ƙwayoyin ƙarfe suna kama da alewa, kuma yawansu na iya kashe ƙaramin yaro.

Idan an fara sha, a rubuta ranar farawa a manhajar tunatarwa, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya a ajiye. Maganin ƙarfe yakan baƙanta bayan gida, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan aka ga ƙuraje, ko kumburin fuska, ko idanu sun yi rawaya, a daina sha a tafi asibiti da kwalbar a hannu, sannan a kai rahoto ta manhajar Med Safety, wadda NAFDAC ke karɓar rahoton illar magunguna ta cikinta, a sa sunan kayan da lambar rukuninsu da inda aka saya. Gwaggona kuwa mun kai ta an gwada jininta a satin, likita ya rubuta mata abin da za ta sha na wata uku, aka ba ta ranar komawa a sake gwadawa.