Iyayen 'yan turwaziyam, a duba takardar haihuwa tun yanzu

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai yaro a turwaziyam, wato ajin ƙarshe na kwaleji (CEG), wanda zai zauna jarrabawar BEPC bana, don Allah ya ɗauko takardar haihuwarsa ya ajiye kusa da katin lakwal, ya duba harafi bayan harafi. Sau da yawa a takarda an rubuta Mahamadou, a rajistar makaranta kuma Mamane, ko shekarar haihuwa ta sha bamban. Gyaran takardar haihuwa sai an bi ta kotu, kuma ba ya ƙarewa a sati guda, balle lokacin da kowa ke rububin haɗa dosiye.

Abin tausayi ne yaro ya sha zafin Afirilu yana bita, burinsa shiga Lise Ɗan Baskore ta Maraɗi, harafi ɗaya ya tsayar da shi. Ku je wajen darakta tun watan Oktoba, da kwafi 2 a hannu.