Darasi na Takwas: Manufar Makamashi da Lissafin Wutar Gida

Tun a shekarar 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da lantarki daga ruwan Kurra domin masu haƙar kuza, saboda haka samun wuta ba tare da ƙona mai ba tsohon abu ne a Filato. A yau mafi yawan wutar babban layin ƙasa daga iskar gas ake samo ta, ragowar kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Abin da ake rabawa yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000 (megawat ma'auni ne na ƙarfin wuta, kowane ɗaya wat miliyan ɗaya ne), a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, shi ya sa mai walda a Dilimi da tela a Unguwar Rogo cikin garin Jos suka dogara ga janareta.

A taron sauyin yanayi na birnin Glasgo a 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake iya shanyewa, kuma a 2022 aka ƙaddamar da shirin komawa ga makamashi mai tsabta. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta, a shekarar ce kuma aka janye tallafin fetur, kuɗin tayar da janareta ya ninka. Tun daga nan farantan sola suka yawaita a kan rufin gidajen Jos.

Abin da ke damun mai wannan darasi shi ne yadda magidanci zai tara kuɗin guminsa, ya sayi sola ba tare da lissafi ba, bayan 'yan watanni batir ya mutu. Lissafin kuwa ba shi da wuya.

A jikin kowane kayan wuta akwai lamba da ke nuna wat nawa yake ci. Ka ninka wannan lamba da yawan awannin da kake kunna shi, abin da ya fito shi ne yawan wutar da ya ci, ana kiran ma'auninsa wat-awa. Ƙwan fitila 4 masu wat 10, idan sun yi awa 5, sun ci 200. Talabijin mai wat 80 a awa 4 ya ci 320. Fanka mai wat 60 a awa 6 ta ci 360. Jimilla 880 ke nan, wato kusan yunit ɗaya na mita, domin kowane yunit wat-awa 1,000 ne. Farantin sola mai wat 300 zai iya tara kimanin haka a ranar da gari ya waye tangaran, amma a watan Agusta, lokacin da hadari ke rufe Jos kwana da kwanaki, abin da zai tara ya ragu sosai, don haka mai hankali da damina yake auna bukatarsa.

Sai a kula da kayan da ke yin zafi. Dutsen guga ko hitar dafa ruwa yakan ci wat 1,000 ko fiye, ma'ana awa ɗaya tasa ta fi duk abin da muka lissafa a sama. A sanyin Disamba, sa'ad da kowa ke son ruwan zafi da asuba, jefa hita a bokiti kan ƙaramar sola shi ne mafi saurin kashe batir, musamman irin na dalma, wanda ba a so a zuƙe fiye da rabin cajinsa. Ruwan wanka a ɗora shi a kan gas, wanda ya fi itace da gawayi sauƙin hayaƙi ga uwargida da yara. Ƙurar hunturu ma tana rage ƙarfin faranti, sai a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta kayan wutar gidansa da lambar wat ɗinsu da awannin da suke aiki, ya fitar da jimilla, ya kawo aji a zama mai zuwa.