Kurakuran da ke cinye kuɗin gyaran hanya a ƙananan hukumominmu na Kebbi

Duk shekara abu ɗaya ne. Ruwan Agusta ya sauka, hanya ta yanke, sai ka ga sabon ma'aikacin sashen ayyuka yana ta kai da kawowa da fayil a hammata, yana neman a sa hannu a turo tifofin jar ƙasa. Na tsufa a wannan aiki, kuma na gaji da ganin ƙannena suna maimaita ɓarnar da tun muna samari muke gani. Hanyoyin ƙauyuka da lambatun cikin gari, tsarin mulkin 1999 a wuyan ƙaramar hukuma ya rataya su. Hukumar gyaran tituna ta FERMA da aka kafa a 2002 titunan tarayya ne aikinta, irin wanda ya taso daga Sakkwato ya bi ta Jega da Koko da Yauri ya nufi Kontagora. Ba za ta zo ta gyara maka hanyar da ke shiga fadama ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 darajar naira kuma ta faɗi, hayar gireda da kuɗin siminti da na tifa duk sun yi tashin gwauron zabo. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, amma ko kuɗin sun iso cif, ba za su ishi dukan hanyoyin ba. Ɗan abin da ke hannu shi za a lallaɓa.

Babban kuskure, wanda ya fi kowane ci mini rai, shi ne a kashe kuɗi a kan doron hanya a manta da inda ruwa zai bi. Ruwa ne ke kashe hanya, mota ƙarasawa take yi. In ruwa ya kwanta ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, ƙarfinta ya tafi, tayar farko da ta taka sai ta lotsa, ta biyu ta buɗe rami. Duk wanda ya zauna aji ya san wannan, amma da an zo rabon kuɗi sai yashe kwalbati ya koma layin ƙarshe, don ba a ɗaukar hotonsa.

Akwai shekarar da na rubuta takarda tun watan Afrilu ina neman kuɗin leburori su yashe kwalbatocin wata hanya da manoman shinkafa ke fito da kaya ta kanta. Na shiga ɗaya daga cikinsu da tocila a durƙushe. Yashi ya cike fiye da rabinsa, ga ledoji, ga karan dawa da ruwan bara ya tara ya tokare bakin. Da na kai takardar, wanda ke sama da ni ya dube ta ya ce, "Malam, wa zai ga cikin kwalbati? A zuba ƙasa jama'a su shaida an yi aiki." Aka zuba. Ruwan Agusta ya zo bai sami ƙofa ba, ya taru a gefe ɗaya har ya haura, ya kwashe sabuwar ƙasar da tsohuwar, ya bar kwalbatin tsirara a tsakiyar kwazazzabo. Abin da ladan leburori kaɗan zai hana, sai da ya ci kwangila guda. Ni mutanen ƙauyen suka sani, ni suka gani da tef ina awo, don haka ni aka ce na ci kuɗin. Wani dattijo da nake gaisarwa da girmamawa ya kau da kai daga gare ni a kasuwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma shi ya sa ba na sassauta wa yaron da ya kawo mini lissafin jar ƙasa alhali bai leƙa kwalbati ko ɗaya ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni al'adata, da watan Maris ya kama nake taka hanyoyina da ƙafa, da littafi da tocila, in rubuta halin kowane kwalbati da kowace magudana. A mota ba ka ganin komai. Yashewa kuma daga mafitar ruwa ake farawa a taho baya, domin in ka share mashiga ka bar mafita a toshe, tafki ka haƙa wa hanyarka. Abin da aka kwaso a kai shi nesa. Ina jin takaicin ganin an yashe lambatu a cikin gari an jibge dattin a bakinsa, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Ba na yarda a sa mini kwalbatin da faɗinsa bai kai santimita 90 ba, ko da lissafin ruwa ya ce ƙarami ya isa, saboda wanda mutum ba zai iya shiga ya yashe ba toshewa zai yi. A rafin da ke kawo ruwa na 'yan sa'o'i ya janye, na fi son a yi daɓen kankare a ƙasan rafin ruwa ya bi ta kansa, a kan a jera ƙananan kwalbatoci da yashi zai binne a damina ɗaya. Wasu injiniyoyi ba su yarda da ni a nan ba, suna cewa mutane za su tsaya jiran ruwa ya janye. Jiran sa'a biyu ya fi yankewar wata biyu.

Sai direban gireda da aka bari shi kaɗai. Zai kankare hanya ta yi sumul ta kwanta shafe, kowa ya yaba, alhali gyaran gangar Auzinawa aka yi. Hanyar burji dole tsakiyarta ta fi gefenta tudu, gangaren ya kai santimita 4 zuwa 6 a kowace mita, don ruwa ya zame gefe da zarar ya sauka. Tulin ƙasar da wuƙar gireda ke bari a gefe kuma a baje shi, in ba haka ba ya tare ruwan a kan hanya ta koma rafi.

Kuskure na biyu da ke ɓata mini rai shi ne zuba busasshiyar ƙasa a tafi. Kai ɗan'uwa, wa ya koya maka haka? Tifa ta juye, leburori sun baje da shebur, an ce motoci za su danne. Motoci ba sa dannewa, watsarwa suke yi. Kafin hunturu ya wuce rabin ƙasar ta tashi ƙura ta shige ɗakunan mutane da huhun yaransu, sauran ta koma gargada mai kwance ƙusoshin babur. Ƙasa ba ta kamawa sai da laima daidai. Ɗebi cikin tafin hannu ka dunƙula: in ta ruguje ta bushe da yawa, in ta manne maka a yatsu ruwa ya yi yawa, in ta dunƙule ta tsaya to a kira rola. A zuba kaurin da bai wuce santimita 15 ba, a danne, sannan a ƙara wani. In babu kuɗin tankar ruwa da rola, kada a sayi ƙasar ma sam, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ni a ƙarshen damina nake yin wannan aiki, wajen Oktoba, lokacin da ƙasa ke da sauran danshi, sai kuɗin ɗibar ruwa ya ragu ƙwarai. Kuma ka je ramin da ake haƙo ƙasar da kanka. Ba kowace jar ƙasa ce marmara ba. Mai laka da yawa santsi za ta yi da damina, mai yashi zalla ba za ta kama ba, wadda ake so ita ce mai tsakuwa da ɗan yumɓun da zai riƙe ta. Kada ka biya ɗan kwangila da ƙirgen sahun tifa, domin ba ka san cikar kowace ba. Auna tsawo da faɗi da kaurin abin da aka danne, ka biya a kan haka.

Akwai kuma ɗabi'ar kai dukan kuɗi ga hanyar da ta fi kowace lalacewa, don can ne ake ihu. Hanyar da ta riga ta mutu sabon gini take nema, kuma za ta haɗiye kasafin shekara a kilomita kaɗan, a lokacin nan kuwa masu sauran lafiya suna bin sahunta ɗaya bayan ɗaya. Bankin Duniya ya yi wannan lissafi tun 1988: hanyoyin da darajarsu ta kai dala biliyan 45 sun salwanta a ƙasashe masu tasowa, abin da kulawar dala biliyan 12 za ta hana. Ni masu rai nake fara cetowa. Matacciyar kuma in gyara wuraren da ke hana wucewa kawai, mashigin rafi da gurbin taɓo, in bar sauran. Raba kuɗi daidai wa daida tsakanin mazaɓu don kowane kansila ya samu abin nunawa shi ma asara ce. A tsaya ranar kasuwa a ƙirga abin da ke bin kowace hanya. Wadda ke fitar da albasa zuwa Aliero, ko shinkafa zuwa Argungu, ko mai naƙuda zuwa asibiti, ita ce gaba.

Sauran a taƙaice. Facin kwalta ba a yinsa a jiƙaƙƙen rami, a yanke gefunansa su miƙe, a share, a shafa ruwan kwalta, a cika a danne. Tsagewa a toshe ta kafin ruwa, tun ba ta zama rami ba. Kada a sayi gireda in ba a ware kuɗin man dizal da kayan gyara ba, haya ta fi. A hana ƙona taya da zubar da dizal a kan titi, duka biyun cin kwalta suke yi. Wanda ya fasa hanya don ya wuce da bututun ruwa, shi zai biya gyara.

Manyan motoci ma kada a raina su. Gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa in nauyin da ke kan ƙafafun mota ya ninka biyu, ɓarnar da take yi wa titi tana ninkawa kusan sau 16. Tirela ɗaya mai lodin wuce kima da ta shiga hanyar burji bayan ruwan dare ta isa ta rusa aikin wata guda. Ina roƙon hakimi da shugabannin direbobi a sa shinge, babbar mota ta dakata har ƙasa ta sha iska.

Kebbi tana cikin jihohin da ke shirin RAAMP na hanyoyin karkara wanda Bankin Duniya ke tallafawa, amma duk hanyar da aka gina, kulawarta a hannun mutanen gida za ta dawo. Abin da na ga yana aiki da kuɗi kaɗan shi ne a ɗauki mutumin ƙauyen da hanyar ta ratsa, a damƙa masa kilomita ɗaya da rabi ko biyu, a ba shi baro da shebur da diga da adda. Ya yashe magudana, ya cike rami tun yana ƙarami, ya kawo rahoto in kwalbati ya tsage. Kenya ta daɗe tana amfani da wannan tsari. Kuskuren da ke kashe shi a wurinmu ɗaya ne, riƙe ladan mutanen nan. In wata uku ya wuce ba a biya shi ba zai koma gonarsa da baron, kuma ba ka da bakin yi masa faɗa. A ware ladansu tun farkon shekara, kafin a taɓa kuɗin tifa ko ɗaya, a biya su a gaban mai gari duk ƙarshen wata bayan an duba aikin.